Dúchas.ie: rumbun labaran Ailan da yaran firamare suka cika, da yadda ake ɗiba a ciki

Mai neman tatsuniyoyi da almarar wasu ƙasashe a intanet yakan ƙare a wuri ɗaya: gumakan Girka, Thor da gudumarsa, sai jerin dodanni goma da wannan ya kwafo daga wancan, ba sunan garin da aka ji labarin, ba sunan bakin da ya faɗa. Dúchas.ie ba ya cikin wannan sahu. Shafi ne na kyauta da ke buɗe taskar adabin bakan ƙasar Ailan, wadda ke ajiye a jami'ar University College Dublin. Galibin labaran da ke ciki suna tafe da sunan makarantar da aka rubuta su, da yaron da ya rubuta, da tsohon da ya ba shi, sau da yawa har da shekarun tsohon da sana'arsa da ƙauyensa. A ganina, cikin shafukan adabin baka da ake shiga ba ko kwabo, da wuya a samu na biyunsa. Sai dai rumbu ne, hatsin da ke ciki ko sussuka ba a yi masa ba. Wanda ya shiga da kalmomin littafi ɗan tsaba zai fito da shi. Mai cika buhu shi ne wanda ya koyi kalmomin da mutanen karkarar Ailan ke furtawa a 1937.

Sanin yadda aka tara kayan shi ne rabin sanin yadda za a neme su. A 1935 gwamnatin Ailan ta kafa hukumar tattara adabin baka ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, da Seán Ó Súilleabháin a matsayin mai kula da taska, wanda sai da aka tura shi Suwidin ya koyo tsarin ajiya irin na Uppsala. Daga 1937 zuwa farkon 1939 hukumar ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar malaman firamare. Aka ce wa yaran manyan azuzuwa, 'yan shekara 11 zuwa 14, maimakon insha'in da aka saba, su koma gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuto abin da suka ji. Makarantu wajen 5,000 suka shiga, yara sama da 50,000, aka samu shafuka kimanin 740,000. Wani kashi littattafan aikin yaran ne na asali. Ɗaya kashin, shafuka kimanin 451,000, shi ne abin da aka zaɓa aka sake kwafewa da kyau cikin manyan littattafan makaranta, aka ɗinke shi ya zama kundi 1,128. Wannan kashi na biyu shi ne ƙashin bayan shafin, wanda aka buɗe a 2013 tare da jami'ar Dublin City University. A 2017 UNESCO ta sa tarin hukumar cikin rajistarta ta Memory of the World, wato jerin muhimman takardun tarihi na duniya.

An raba wa malamai ɗan littafin jagora mai kanun magana 55, shi ya sa za ka ga makarantu daga kudu har arewa suna maimaita kanu iri ɗaya: dukiyar da aka binne, kacici-kacici, karin magana, alamomin sauyin yanayi, magungunan gargajiya, rijiyoyi masu tsarki, kufan aljanu, zamanin yunwa, maƙerar gari, kaɗa nono, wasannin yara, al'adun aure, tsofaffin maƙabartu, baƙin dabbobi. Ribar wannan ga mai bincike babba ce. Tambaya ɗaya aka yi a gundumomi 26 a lokaci guda, saboda haka ana iya ɗaukar abu ɗaya, a ce maganin tarin shiƙa, a bi shi daga Kerry a kudu har Donegal a arewa a ga inda ya sauya kama.

Shiga ba wuya. Shafin na harsuna biyu ne, Ingilishi da Gaeilge, harshensu na gado. In ya buɗe da Gaeilge a sauya harshe, ko a ƙara /en bayan adireshin. Karatu ba ya buƙatar rajista. Manyan tarin uku ne: na makarantu, na babban rubutun hannu da ma'aikatan hukumar suka tattaro da kansu, sai na hotuna. Sabon shiga ya fara da na makarantu, domin mafi yawansa da Ingilishi yake. Ana nema ta wuri, ta sunan mutum, ta kan magana, ko a rubuta kalma cikin akwatin bincike sannan a tace sakamakon ta gunduma da harshe. Kowane labari yana zuwa da hoton shafin asali da rubutun yaron, galibi tare da kwafinsa da aka buga da na'ura.

Wannan kwafi yana da tarihinsa, kuma dole a san shi. Tun 2015 masu sa kai ne ke karanta rubutun yaran suna bugawa, a wani shiri mai suna Meitheal. Ma'anar kalmar a Gaeilge ita ce aikin gayya, irin wanda maƙwabta ke taruwa su yi wa mutum ɗaya girbi. Ƙa'idar aikin ita ce a kwafe kalma yadda yaron ya rubuta ta, ko da ya yi kuskure. Ƙa'ida ce mai kyau ga amana, amma ita ce tushen babbar wahalar bincike: akwatin nema yana duba abin da aka buga ne, kuma yaro ɗan shekara 12 a 1938 yana rubuta sunan aljani yadda kunnensa ya ji.

Kalmomin da ke buɗe ƙofa

Ɗauki púca, wani aljanin dare da ke fitowa a siffar baƙin doki ko bunsuru, ya ɗauki matafiyi a bayansa ya yi ta sukuwa da shi cikin ƙaya da taɓo har asuba. Shi ne kuma ake cewa yana tofa wa 'ya'yan itatuwan daji yawu a daren Samhain, jajiberin 1 ga Nuwamba, don haka ba a cin su bayan wannan rana. Wanda ya nemi "púca" kawai ya tsaya ya bar kaso mai yawa a baya. Sai an sake nema da "pooka", da "puca", da "phooka", kowanne daban. Haka dokar take ga kusan kowane suna: a gwada rubutun Gaeilge mai alama a kan wasali, a gwada shi ba alamar, sannan a gwada yadda kunnen mai jin Ingilishi zai rubuta shi.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma Bahaushe zai gane shi nan take. Mutanen karkarar Ailan ba su cika kiran aljanunsu da suna ba, kamar yadda mu ma muke cewa mutanen ɓoye. Kalmar "fairies" tana nan da yawa, amma labaran da suka fi nauyi, waɗanda mai faɗa ya yarda da su, sukan zo ne da "the good people" ko "the gentry", wato mutanen kirki ko manya. Gidajensu kuwa su ne "fort", "rath", "lios" ko "liss". Waɗannan kufai ne na gaske, gidajen manoma masu zagayayyar ganuwar ƙasa na ƙarnonin farko bayan shigar Kiristanci, kuma an ƙidaya fiye da 40,000 a tsibirin. Labarin da ke kansu kusan ɗaya ne ko'ina: wane ya sare ƙayar da ke cikin kufai ko ya sa garma a ganuwar, sai saniyarsa ta mutu, ko bakinsa ya karkace, ko ƙaya ta soke masa ido. Matsayin da tsamiya da kuka ke da shi a wajenmu, ita ke da shi bishiyar ƙayar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona, wadda ake nema da "lone bush" ko "fairy thorn". Abin bai mutu ba. A 1999, da ake aikin babbar hanya a Latoon ta gundumar Clare, mai ba da labari Eddie Lenihan ya ɗaga murya kan wata irin wannan bishiya, kuma aka bar ta tsaye a gefen titin.

Banshee, matar da ke kuka da dare don sanar da mutuwa a wasu tsofaffin zuri'o'i, an san sunanta a duniya, amma ba a san labaranta ba. A kudu maso gabas, musamman Wexford, ba ma a kiran ta da wannan suna: "bow" suke cewa, daga tsohuwar kalma badhb. Neman "bow" shi kaɗai zai jawo maka kwari da baka da ɗaurin ƙyalle, saboda haka a tace ta gunduma tukuna, ko a haɗa da "comb". Matajin kai shi ne zuciyar labarin. Wani ya tsinci matajinta ko ya fizge, sai ta zo taga tana kuka dare bayan dare, har wani mai sani ya ba da shawara a miƙa mata da awartakin murhu, kada a kuskura a sa hannu. Da aka janyo awartakin sai aka gan shi a lanƙwashe ko a karye.

Akwai kuma waɗanda da wuya ka gamu da su a jerin dodannin intanet, kuma saboda su ne shafin ya cancanci lokacin mutum. "Hungry grass", ko féar gortach, ciyawar yunwa ce: wanda ya taka ta sai yunwa ta kama shi nan take, gwiwoyinsa su saki, ko da yanzu ya tashi daga kan akushi. Maganinta gutsuren burodi a aljihu. Wasu sun ce tana tsirowa inda aka ajiye gawa a hanya, wasu inda aka ci abinci ba a zubar wa mutanen ɓoye ɗan ɓarɓashi ba, wasu kuma inda yunwa ta kashe mutum. "Stray sod" ɗan yankin ƙasa ne da in ka taka shi da dare za ka ɓace cikin gonar da ka sani tun kana yaro, ka yi ta zagaye ba ka ga ƙofar shinge ba. Mafita ita ce a tuɓe riga a juya ta bai-bai a mayar. Sai Glas Gaibhneann, saniyar da ke cika duk ƙwaryar da aka tara mata, ta wadatar da gari guda, har ranar da wata mai baƙin ciki ta tara mata rariya. A Donegal labarin saniyar ya haɗe da na Balor na tsibirin Tory, mai idon da ke kashewa, wanda jikansa ya hallaka shi. Sunan saniyar yana da rubutu iri-iri fiye da na púca, don haka neman "cow" tare da "sieve" ya fi saurin kai mutum gare ta.

Tatsuniya daban, labari daban

Nan ne masu karatu da yawa ke kuskure. Mutanen Ailan sun raba tatsuniya, mai buɗewa da "fadó, fadó" kamar yadda tamu ke buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", da abin da suke kira seanchas, wato labarin da ake bayarwa a matsayin abin da ya faru, da sunan mutum da na gona da na tafki. Mafi yawan abin da ke tarin makarantu na biyun ne. Gajeru ne, layi goma ko ashirin, ba ƙurunƙus a ƙarshe, ba dabo ko ado. Wanda ya karanta guda ɗaya zai ce ba komai a ciki. Daɗin yana fitowa ne in an jera da yawa.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a zaɓi labari ɗaya, a tattara siga 20 zuwa 30 daga gundumomi aƙalla uku masu nisa da juna. A ja layi a takarda: lambar kundi, lambar shafi, gunduma, shekarun mai faɗa, sai abin da ya bambanta. Gwada da tsohuwar da ke rikiɗa zomo. Da asubar 1 ga Mayu manomi ya ga zomo na tsotson nonon shanunsa, harsashi ba ya cin sa sai na azurfa, kare ya cije shi a cinya, aka bi sawun jini har wata bukka, aka tarar da tsohuwa tana zubar da jini. Bayan siga goma za ka fara ganin sassan da ba sa motsi, su ne cizo da sawun jini, da waɗanda ke sauyawa, kamar launin karen da wanda ya ba da shawara. Za ka kuma lura da wadda ake zargi: tsohuwa mai zaman kaɗaici, marar mai tsaya mata. Wanda ya san yadda zargin maita ke faɗawa kan marasa galihu zai karanta waɗannan shafuka da wani ido. Daga nan a wuce zuwa kanun kaɗa nono, a ga tsoron da ke bayan labarin: man shanu shi ne kuɗin gidan, ana kuma jin maƙwabci na iya sace albarkarsa. Shi ya sa baƙon da ya shigo ana kaɗawa dole ya kama sandar ya kaɗa ko sau ɗaya ne, kuma ba a barin kowa ya fita da garwashi har sai mai ya tashi.

Lissafin shekaru yana ƙara wa wannan hanya daraja. Tsoho ɗan shekara 80 a 1938 an haife shi a 1858, iyayensa sun ga babbar yunwar 1845 zuwa 1852 da idonsu, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya bayan ciwo ya lalata dankalin Turawa. Kalmar "famine" za ta kawo shafuka masu yawa, amma a ƙara da "bad times", da "black 47", wato baƙar shekarar 1847, da "yellow meal", garin masarar agaji da mutane ba su san yadda ake dafa shi ba. Haka "big wind" ke kai ka ga guguwar daren 6 ga Janairu 1839, wadda ta zama ma'aunin shekaru har aka riƙa tambayar tsofaffi ko sun tuna da ita lokacin da aka fara biyan fanshon tsufa a 1909.

Ga masu son kwatanta tatsuniyoyin duniya, shafin yana da wata ƙofa da ba kowa ke lura da ita ba: an liƙa wa tatsuniyoyi da dama lambobin Aarne da Thompson, tsarin da masana ke ba kowace irin tatsuniya lamba ko da a wace ƙasa aka ji ta. Lamba 480 ita ce ta yarinya mai ladabi da marar ladabi, wadda mu muka sani a labaran 'yar bora da 'yar mowa. Lamba 503 ta masu ƙusumbi biyu ce: na farko ya ji mutanen ɓoye na rera waƙar ranakun mako, ya ƙara musu rana ɗaya a daidai gaɓa, suka cire masa ƙusumbinsa, na biyu ya je da kwaɗayi ya katse musu waƙa, suka ɗora masa na farkon a kan nasa. Ginin iri ɗaya ne da na bora da mowa, kayan ginin ne suka bambanta. Kamanni irin wannan ba hujja ba ce cewa wani ya ara daga wani, kuma shafin bai yi wannan da'awa ba.

Kamannin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na musayar jariri. A Ailan an yarda mutanen ɓoye na sace jaririn da aka bari shi kaɗai su ajiye nasu, wani ramamme mai kuka ba dare ba rana. Kariya ita ce ƙarfe: a gitta awartaki a kan gadon jaririn, kamar yadda a gidajenmu da yawa ake ajiye wuƙa a wajen kan jinjiri. A labarin, uwa takan tafasa ruwa cikin ɓawon ƙwai, abin mamakin ya sa jaririn ya yi magana da muryar tsoho ya tona kansa. A nema da "changeling", amma an fi samunsa da "taken", "swept" ko "in the fairies". Kada a karanta wannan a matsayin nishaɗi kawai. Yara marasa lafiya da mata masu jinya ne aka riƙa yi wa wannan fassara, kuma a 1895 a gundumar Tipperary wani mutum ya ƙona matarsa Bridget Cleary yana cewa musanya ce. Haka shafukan magani: ragowar madarar da wata dabba mai kama da tunku ta sha, ko ratsa yaro ta ƙarƙashin cikin jaki, ko tambayar mahayin farin doki ya faɗi magani, duk an rubuta su a matsayin maganin tarin shiƙa, wanda yaran ke kira "chin cough". Tarihin imani ne, ba takardar likita ba.

Inda shafin ya gaza

Babbar gazawarsa ita ce ba ya riƙe hannun kowa. Ba bayani a ƙasan labari, ba fassarar kalmomin karkara, ba mai ce maka wannan siga ce ta labarin da aka sani a wurare ɗari. Kanun labaran ma sau da yawa ba sa faɗin komai: "A Story", "Old Story", "Scéal", ɗaruruwa a jere. Rarrabawa ta kan magana tana taimako, amma ba ta kama komai, don haka kada a dogara da ita ita kaɗai.

Na biyu, ba duk abin da ke ciki ne ya fito daga bakin tsoho ba. Wasu yaran sun kwafo daga littafin karatu ko jarida, wasu sun kwafi juna, wani lokaci kuma malamin ne ya rubuta da kansa. Alamomin gane wannan a fili suke: Ingilishi mai santsi da ya fi ƙarfin yaro, shekarun tarihi a jere daidai, rashin sunan mai faɗa, ko labari ɗaya kalma da kalma daga yara uku 'yan aji ɗaya. Irin wannan a ƙidaya shi siga ɗaya, ba uku ba. Sannan komai ya ratsa ta hannun malami, a makarantun da galibinsu limamin coci ke kula da su. Zancen batsa, rikicin gado, abin kunyar dangi, duk an tace. Shafukan da ke magana kan matafiya masu yawo da keken doki, waɗanda yaran ke kira "tinkers", suna ɗauke da raini irin na mazauna gari, ba muryar matafiyan ba.

Na uku giɓin taswira ne. Shirin bai shiga gundumomi shida na Ailan ta Arewa ba, tun da suna ƙarƙashin Birtaniya, kuma rabon manyan birane kaɗan ne in aka kwatanta da karkara. Wani abin lura ga Bahaushe: a Belfast, cikin yankin da shirin bai taɓa ba, aka buga tarin tatsuniyoyin Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, daga abin da malamai suka rubuta da ajami. Tari ne mai daraja ƙwarai, amma wanda ya saba da Dúchas zai ji rashin abu ɗaya a cikinsa, wato sanin wace tsohuwa ce ta faɗi wace tatsuniya, a wane gari, tana da shekara nawa.

Na huɗu shi ne harshe, kuma shi ne katanga mafi tsawo. Labaran da suka fi tsawo da armashi suna yankunan yamma, Galway da Mayo da Kerry da Donegal, kuma da Gaeilge suke. An rubuta su da tsohon salon haruffa na Gaeilge, inda ɗigo a kan harafi ke tsayawa a madadin h na rubutun yau, wata alama mai kama da 7 kuma ke nufin "da". Ƙa'idar rubutun ma ta kafin gyara ce: "oidhche" a maimakon "oíche", dare, "sidhe" a maimakon "sí". Sakamakon haka na'urar fassara takan yi tuntuɓe. Dabarar da ke rage ɓarna ita ce a riƙa ba ta jimla ɗaya ko biyu a lokaci guda, a mayar da harafi mai ɗigo zuwa harafi da h, kuma kada a taɓa ɗauko fassarar na'ura a sa cikin rubutun bincike. Babban tarin rubutun hannu, kundi wajen 2,400, mafi yawansa da Gaeilge yake, kuma sannu a hankali ake ɗora shi. A can ne aikin ƙwararrun masu tattarawa yake, irin su Seán Ó hEochaidh a Donegal da Seosamh Ó Dálaigh a Kerry, waɗanda suka yi yawo da na'urar Ediphone suna ɗaukar murya a kan faifan kaki, su kwafe a takarda, sannan a kankare faifan a sake amfani da shi. A 1938 an ɗauki tatsuniya guda daga bakin Éamon a Búrc na Conamara mai kalmomi wajen 30,000. Ba yaron firamaren da zai iya rubuto irin wannan.

Ta fuskar waya, rubutun da aka buga yana buɗewa da sauƙi, hoton shafin ne ke cin data, kuma rubutun hannu a ƙaramin allo yana gajiyar da ido. A karanta kwafin tukuna, a buɗe hoton idan za a ɗauko magana ko an yi shakkar suna, domin a sunayen mutane da na ƙauyuka ne masu sa kai suka fi yin kuskure. Tarin makarantu yana ƙarƙashin lasisin CC BY-NC 4.0: ana iya kwafa, a fassara zuwa Hausa, a karantar a aji ko a karanta a shirin da ba na kasuwanci ba, muddin an ambaci tushe. Wanda zai sa shi cikin littafin sayarwa sai ya nemi izinin taskar. Ambaton tushe kuwa da lambar kundi da ta shafi ake yi, kuma a rubuta su tun a lokacin karatu, domin komawa neman wani "A Story" bayan mako guda aiki ne mai cin rai.

Wanda ke son gwajin farko da zai nuna masa ƙarfin shafin da rauninsa a zama ɗaya, ya nemi dobhar-chú. Ma'anar sunan karen ruwa, kuma ana cewa shi ne sarkin karnukan ruwa. A tafkin Glenade na gundumar Leitrim aka ce ya kashe wata mata da ta je wanki. Mijinta ya tarar da dabbar kwance a kanta ya soke ta, dabbar ta yi fito kafin ta mutu, abokin zamanta ya fito daga ruwa ya bi mutumin da ɗan rakiyarsa a kan dawakai har cikin gundumar Sligo, inda suka gitta dawakan a ƙofar wani kufai, dabbar ta huda cikin doki ta fito, aka soke ta. A maƙabartar Conwal akwai dutsen kabari mai shekarar 1722, wanda ake cewa na matar ne, an sassaƙa wata dabba da makami a jikinta a kansa. A tace sakamako zuwa Leitrim da Sligo, a nemi "dobharchu", sannan "water dog", sannan "king otter", sannan "Glenade" shi kaɗai, domin wasu yaran ba su yi ƙoƙarin rubuta sunan dabbar ba sam, sai dai su ce dodon tafki.